Sinadarin Girma: Dalilin da Ya Sa Saniya Mai Yawan Nono Ba Ta Ƙiba

Makiyayan Jega da Maiyama sun daɗe da lura cewa saniyar da ta fi cika ƙwarya ita ce haƙarƙarinta ya fi fitowa fili, alhali da ita da 'yar'uwarta mai kitse abinci ɗaya suke ci. Masana kimiyya sun gano cewa babban dalilin yana cikin jini.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowace saniya akwai wata 'yar halitta mai suna fituwitari, wadda ke zuba sinadarin girma cikin jini. Mai karatu zai zaci shanun nama ne suka fi yawan wannan sinadari, tunda su ne ke tara jiki. Ba haka abin yake ba. A shekarar 1978 masu bincike a Ingila sun gwada jinin shanun Firisiyan masu yawan nono da na shanu masu jinin Harifod, waɗanda na nama ne. Sai suka tarar na nonon sun fi yawan sinadarin girma, na naman kuwa sun fi yawan insulin, wato sinadarin da ke adana abinci ya zama kitse. Aikin sinadarin girma a jikin saniyar tatsa shi ne karkatar da abinci zuwa hantsa. In abincin bai isa ba, sai ya narke kitsen jikinta ya mayar da shi nono.

Tun 1937 aka gano a Tarayyar Sobiyat cewa allurar ruwan fituwitari tana ƙara nono. Amurka ta yarda da allurar sinadarin a 1993, Tarayyar Turai kuwa ta hana, saboda wahalar da take jawo wa dabba.

Shanunmu, irin su Bokoloji da Rahaji, ba a ware su wannan na nono wancan na nama ba, duka biyun suke yi daidai gwargwado. To, amma manomin Aliero da ke sha'awar saniyar da aka yi wa barbara da Firisiyan, ya sani cewa sinadarin ba ya ƙirƙirar nono daga iska. Da rani, idan yunwa ta kama saniya, sinadarin ma ƙaruwa yake yi, sai dai hanta ta rage amsa umarninsa. Saniyar sai ta rame, ta kuma jinkirta ɗaukar ciki. Kafin a biya kuɗinta, a fara lissafin harawa da dusa da anguryar da za su kai ta damina.