Ina Kuɗin Katin Waya Yake Zuwa?

'Yan'uwa manoma, yau wayar hannu ta zama kayan aiki kamar fartanya. Da ita muke jin farashin masara a Saminaka ko Dawanau, da ita muke aika kuɗin taki. Saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya san inda kuɗin katinsa yake tafiya.

Da fari akwai harajin saye da sayarwa, watau VAT. A watan Fabrairu 2020 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Ke nan in ka sayi katin naira 100, kusan naira 7 na gwamnati ne. An so a ƙara wani harajin na kashi 5 a kan kira da intanet, amma jama'a suka koka, Shugaba Tinubu ya dakatar da shi a 2023.

Na biyu, kamfani ba ya ƙara kuɗin kira sai da iznin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. A Janairu 2025 ta yarda a yi ƙari har kashi 50 cikin ɗari, domin tsadar man dizal da faɗuwar naira. Shi ya sa kati yake saurin ƙarewa.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu. Kamfanonin waya suna biyan NCC wani kaso na abin da suka samu kowace shekara. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu mai suna USPF, inda ake zuba wani ɓangare na wannan kuɗi domin a tallafa a kai waya da intanet ƙauyuka. Dalili kuwa, kamfani ɗan kasuwa ne. Ba zai kafa ƙarfen sabis a ƙauye mai gida hamsin ba, sai an rage masa nauyi, kamar yadda aka riƙa rage wa manomi kuɗin taki.

To, ga abin lura. Manomin da yake hawa dutse kafin ya sami sabis yana biyan haraji daidai da mutumin birni. Ashe yana da hakki a cikin asusun nan. Amma wanda bai yi magana ba, ba a san da zamansa ba.

Don haka, in ƙauyenku ba sabis, ku kawo maganar a taron ƙungiya. Magatakarda ya rubuta yawan gidaje, da makaranta, da asibiti, da ranar kasuwa, da nisan wurin da ake samun sabis. Mai gari ya sa hannu. A kai takardar ga shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku, a roƙe su su miƙa ta ga NCC. Ku ajiye kofi, ku riƙa bin sawu. Takardar ƙungiya ta fi kukan mutum ɗaya nauyi.