Gida a Kan Tsauni: Abubuwan Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Duk wanda ya taɓa hawa Tsaunin Mambila daga garin Serti, a Jihar Taraba, zai tuna lokacin da kunnuwansa suka toshe, gumin jikinsa ya bushe, ya shiga laluben rigar sanyi. Hanyar tana murɗawa tana hawa har ta kai mutum Maisamari da Nguroje da Gembu, a bisa tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku. Ba abin mamaki ba ne malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka tura can ya ga wurin ya kwanta masa a rai, har ya ƙudurta sayen gida a ɗaya daga cikin ƙauyukan. Sai dai ma'aunin da ake auna gida da shi a Kano ko Zariya bai wadatar a can ba, domin tsayin wuri da gangararsa su ne ke juya yawancin al'amuran zama.

Abin da tsayi ke sauyawa

Iska tana da nauyi, kuma wadda ke sama tana danne wadda ke ƙasa. Saboda haka idan mutum ya hau tsauni, matsin iskar da ke kansa yakan ragu. A tsayin mita 1,600 ragin ya kai kusan kashi 18 cikin ɗari. Iskar oksijin tana nan a matsayinta na kashi 21 cikin ɗari, amma abin da huhu ke samu a kowace shaƙa ya gaza na ƙasa. Wannan shi ya sa baƙo ke haki a kwanakin farko, kafin jikinsa ya saba.

Uwargida ma za ta lura da wani abu a madafa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin santigireti a bakin teku, amma a wannan tsayi yakan tafasa tun a wajen digiri 95. Tafasar ta zo da wuri, zafin kuma bai kai ba, don haka wake yakan daɗe bai nuna ba, itace kuma ya ƙare da sauri.

Har wa yau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Sanyin yana da amfaninsa, shi ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara, shanu kuma suke walawa ba tare da damuwar ƙudan tsando ba. Yana kuma da haɗarinsa. Mutum yakan shigar da kaskon gawayi ɗaki ya toshe ko'ina ya kwanta. Gawayin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari, kuma tana kashe mai barci. Ɗakin da ba shi da kafar iska ta sama ba wurin jin ɗumi da gawayi ba ne.

Ina gidan ya zauna a jikin tudun?

A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa da ita. Gidan da ke ƙololuwar tudu yana shan iska da tsawa. Wanda ke cikin kwari kuma yana shan ruwa da raɓa, ga sanyin dare, domin iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, takan gangaro da dare ta taru a ƙasa kamar ruwa a kwano. Shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiyar tudu ya fi, muddin ƙasar da ke samansa tana riƙe.

Ruwan da ake yi a Mambila yakan haura milimita 1,800 a shekara, wato wajen ninki biyu na Kano. Don fahimtar abin da wannan ruwa ke yi wa gangara, malami zai iya yin gwaji a aji. A tara yashi a faranti, a yayyafa masa ruwa kaɗan, za a ga ya kama jikinsa har a iya yanka shi ya tsaya. A ci gaba da zuba ruwa, sai tarin ya sulale gaba ɗaya. Dalili shi ne ruwan ya cika ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin, ya ƙara wa tarin nauyi, ya kuma rage gogayyar da ke riƙe ƙwaya da ƙwaya. Haka zaftarewar ƙasa take faruwa. A watan Oktoba na 2019, bayan ruwa mai yawa, wani tudu ya zaftare a garin Bafusam na ƙasar Kamaru, a jerin tsaunukan da Mambila ke haɗe da su, ya hallaka mutane fiye da 40 a cikin gidajensu da dare.

Ƙasa kan yi gargaɗi kafin ta tafi. Mai saye ya duba ko itatuwa da turakun shinge sun karkata zuwa gangara, ko bango ya tsage a karkace, ko ƙofa ta daina rufuwa daidai, ko ruwa yana tsattsafowa daga gindin tudu. Ya dubi bayan gidan musamman. Sau da yawa magini yakan sare jikin tudu don ya sami fili, ya bar gaɓa tsaye a bayan ɗaki ba tare da katangar dutse ko magudanar ruwa ba. Sabon yaɓe da fenti suna ɓoye tsaga, amma ba sa ɓoye danshin watan Agusta. Wanda ya ga gida da rani kawai, rabinsa ya gani.

Ruwa, hanya da takarda

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma gangara yake bi. Don haka masai ya kasance a ƙasa da rijiya ko idon ruwa, da tazarar mita 30 aƙalla, a kuma bincika inda masan maƙwabcin sama yake. Ƙasar tsaunuka sau da yawa ba ta da sinadarin aidin sosai saboda ruwa ya wanke shi, rashinsa kuwa ke kawo maƙoƙo, sai a riƙa amfani da gishiri mai aidin. Hanya kuma a auna ta da tambaya ɗaya: idan naƙuda ta tashi da dare a tsakiyar damina, awa nawa za a yi kafin a kai asibiti?

Game da fili, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama bisa al'ada. Takarda ita kaɗai ba ta isa ba a wurin da gona da makiyaya suke gogayya, kamar yadda rikicin da ya auku a Mambila a 2017 ya nuna. Kafin a miƙa kuɗi, sai a taka iyakar filin da ƙafa tare da mai unguwa da maƙwabta da magadan mai sayarwa, a tabbatar babu burtali ko hanyar mashaya da ta ratsa ta cikinsa.