Ɗalibi Mai Kyanwa da Neman Gidan Haya a Landan: Shin Zai Iya Ɓoye Ta?

Tambaya:

Ni ɗalibi ne mai karatun digiri na uku a Landan. Ina da kyanwa wadda na raina tun tana ƙarama. Wa'adin gidan da nake ciki ya kusa ƙarewa, kuma duk gidan da kuɗina zai kai sai in tarar an ce ba a yarda da dabba ba. Abokaina sun ce in sa hannu kawai in shigo da ita a ɓoye, tunda mai gidan ba ya zuwa. Shin hakan ya halatta? In bai halatta ba, yaya zan yi?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa, riƙon kyanwa halal ne matuƙar za a ciyar da ita a kula da ita. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, daga Abu Ƙatada (Allah ya yarda da shi), cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya kore najasa daga kyanwa, saboda tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Gashinta a kan darduma ba ya ɓata salla. Fitsarinta da kashinta ne najasa, sai a wanke inda suka taɓa.

Amma shawarar abokanka ba ta halatta ba. Haya ƙulla yarjejeniya ce, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika abin da suka ƙulla. Sharaɗin mai gida na hana dabba ingantacce ne, domin bai halatta haram ba, bai kuma haramta halal a kanka ba. Ya dai iyakance amfanin da ya sayar maka ne a cikin dukiyarsa. In ka sa hannu alhali ka ƙudurta saɓawa, ka haɗa ƙarya da ha'inci, kuma Muslim ya ruwaito hadisin da Annabi ya barranta daga mai ha'inci. Kasancewar mai gidan ba Musulmi ba ne ba ya sauƙaƙa laifin. Shi ma yana da haƙƙi, kuma ta kanka zai karanci addininka.

Ko ta fuskar duniya, ɓoyewa asara ce. Dillalai kan zo duba gida lokaci-lokaci, mai gyaran famfo zai shigo, maƙwabta za su gan ta a taga. Ranar da abin ya fito, za ka iya rasa kuɗin ajiyarka, ka kuma rasa takardar shaidar kyakkyawan zama wadda mai gida na gaba zai nema, kana tsakiyar rubutun bincikenka.

To mene ne mafita? Da farko ka san abin da dokar Ingila ta tanada. Dokar kuɗaɗen haya ta 2019 ta ƙayyade kuɗin ajiya a kan hayar mako 5 ga gidan da hayarsa ta shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuɗin kama gida kuma hayar mako 1. Misali, in hayarka fam 1,000 ce a wata, ajiyar ba za ta wuce kimanin fam 1,154 ba. Mai gida ba shi da ikon ɗora wata ajiya a kan wannan saboda kyanwa, shi ya sa wasu ke ƙara kuɗin haya na wata a maimakonta, wasu kuma su ƙi dabba gaba ɗaya don tsoron ɓarna. Wajibi ne kuma a sanya ajiyarka a ɗaya daga cikin tsare-tsaren da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30.

Sannan a Oktoban 2025 aka zartar da sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya, aka sanya 1 ga Mayu 2026 a matsayin ranar fara aiki da manyan sassanta. Ta ba ɗan haya damar neman izinin riƙe dabba a rubuce, mai gida ya amsa cikin kwana 28, kuma ba zai ƙi ba sai da dalili karɓaɓɓe. Sai dai ka lura da abu biyu. Na ɗaya, wannan haƙƙi na wanda ya riga ya zama ɗan haya ne, ba ya tilasta wa mai gida ya zaɓe ka daga cikin masu nema. Na biyu, da yawa daga gidajen benaye na Landan suna ƙarƙashin yarjejeniyar mai ginin gaba ɗaya, in ita ta hana dabba, ƙin mai gidanka ya zama da dalili. Ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'a kuwa galibi ba sa karɓar dabba sai karen da ke taimakon mai buƙata ta musamman. Wanda kuma ya kama ɗaki a gidan da mai shi ke zaune a ciki, sharaɗin mai gidan ne ke aiki.

Saboda haka ga abin da nake ba ka shawara a kai.

Ka ambaci kyanwar tun a saƙon farko. Ka haɗa takarda guda mai hotonta, da shekarunta, da shaidar rigakafi da maganin ƙuma daga likitan dabbobi, da wasiƙar mai gidanka na yanzu cewa ba ta yi ɓarna ba. Ka nuna cewa an sanya mata 'yar na'urar shaida ta ƙarƙashin fata, wadda ta zama dole a Ingila tun 10 ga Yunin 2024 ga kyanwar da ta kai mako 20, kuma tarar rashinta na iya kaiwa fam 500. Abin da mai gida ke tsoro shi ne yagaggen kafet da wari. In ka nuna masa ka san nauyin da ke kanka, sau da yawa yakan sassauta, musamman wanda ke kula da gidansa da kansa ba ta hannun dillali ba.

Ka faɗaɗa inda kake nema. Haya a tsakiyar gari ta fi ƙarfin yawancin ɗalibai, amma unguwannin waje irin su Barking da Ilford da Woolwich sun fi sauƙi, jirgi na kaiwa, kuma akwai masallatai da mahauta na halal. Katin Oyster na ɗalibai yana rage kashi 30 cikin ɗari a kan tikitin mako ko na wata. Ɗalibi mai cikakken karatu kuma an ɗauke masa harajin ƙaramar hukuma, don haka gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne ba ya biya. Ka lissafa waɗannan kafin ka ce gida ya yi nisa. Game da wanda zai tsaya maka, ka tuntuɓi ofishin masaukin jami'arku, domin wasu jami'o'i suna tsaya wa ɗalibansu baƙi.

In za ka haɗa gida da wasu, ka nemi yardarsu kafin ka shigo. Wani gashin kyanwa na tayar masa da asma, wani yana tsoronta, kuma cutar da abokin zama haramun ne. Ka nemi maza 'yan'uwanka, 'yar'uwa kuma ta nemi mata, kada ƙuncin haya ya kai ɗayanku ga keɓewa da wanda ba muharrami ba.

In an amince, kada ka dogara da maganar baki. A rubuta izinin a cikin yarjejeniyar, ka ɗauki hoton kowane ɗaki ranar shiga. Abin da kyanwarka ta lalata kuma, kai ne za ka biya, ko da ba a gani ba.

Wanda kare ne da shi, hukuncinsa daban. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ladan mai riƙon kare yana raguwa kullum, sai na farauta ko kiwo ko gadin gona. Malamai sun haɗa da karen da larura ta sa a riƙe, kamar mai ja wa makaho gora. Kare don sha'awa kawai ba ya cikinsu.

Idan ka yi iya ƙoƙarinka ba ka samu ba, kada ka yasar da ita a titi, kada kuma ka kulle ta a inda ba mai kula. Ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ka ba wani amintacce riƙo har ka samu wuri, ko ka miƙa ta ga ƙungiyoyi irin su Cats Protection ko Battersea su nema mata gida. Ka fara tuntuɓarsu da wuri, domin sukan sa mutum jira. Rabuwa da ita da ciwo, amma ya fi maka sauƙi a kan ka kwana kullum a gidan da ka shiga da ƙarya.

Allah ya buɗa maka, ya sa wa karatunka albarka.

Wallahu a'alam.