Ali Farzat da Farashin Zanen Barkwanci

Mai mulkin kama-karya yana iya kau da kai daga dogon sharhin jarida, don ya san ba kowa ne zai karanta shi har ƙarshe ba. Zane kuwa ba ruwansa da ko ka yi makaranta. Direban tasi da mai shayi kallo ɗaya za su yi masa su tuntsire da dariya, kuma duk shugaban da talakawansa suka fara yi wa dariya, kwarjininsa ya soma zubewa ke nan. Gwamnatin Faransa ta gane haka tun 1835, lokacin da ta wajabta a nuna wa hukuma kowane zane kafin a buga shi, alhali ba ta ɗora wa rubutu wannan sharaɗi ba. Shekara uku kafin nan an ɗaure Honoré Daumier wata shida saboda ya zana Sarki Louis-Philippe da ƙaton tumbi yana lanƙwame dukiyar talakawa.

A zamaninmu, da wuya a sami wanda ya ɗanɗana kuɗarsa a kan wannan sana'a kamar Ali Farzat na Siriya, haifaffen birnin Hama a 1951. Shekaru da dama ya yi yana habaici ba tare da kama suna ba. Yawancin zanensa babu ko kalma ɗaya a ciki: kujerar mulki, kurkuku, wani jami'i marar suna. Akwai wanda ya nuna janar ɗin soja tsaye gaban tukunya, mayunwaci ya miƙo kwano, shi kuwa yana zuba masa lambobin yabo da ludayi maimakon abinci. Bayan an baje shi a Paris a 1989, Saddam Husaini na Iraƙi ya tsargu har ya yi masa barazanar kisa, ko da yake ba a rubuta sunan kowa a jikin zanen ba. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Da Bashar al-Assad ya gaji mahaifinsa a mulkin Siriya, an ɗan sassauta. A 2001 Farzat ya kafa jaridar Al-Domari, mai zaman kanta ta farko tun hawan jam'iyyar Ba'as a 1963. A 2003 aka rufe ta.

Boren 2011 ne ya sa ya ajiye habaici ya fito fili. Ya zana Assad da fuskarsa, riƙe da jaka a bakin titi, yana tsayar da motar Gaddafi da ke tserewa don ya rage masa hanya. Da asubahin 25 ga Agusta, wasu mutane da suka rufe fuskokinsu suka tare shi kusa da Dandalin Umayyad a Damaskus, suka fizgo shi daga motarsa, suka lakaɗa masa duka, suka yar da shi a gefen hanyar filin jirgin sama. Hannayensa suka fi nufa, har suka karya masa yatsu. Sun san inda ƙarfinsa yake. A wannan shekarar, Majalisar Tarayyar Turai ta ba shi lambar yabo ta Sakharov, shi kuma da ya warke ya ci gaba da zane daga Kuwait.

Amma ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takurawar da ba ta barin tabo a jiki. Godfrey Mwampembwa, ɗan Tanzaniya da aka fi sani da Gado, ya shafe sama da shekara ashirin yana zane a jaridar Daily Nation ta Kenya, bai ƙyale Shugaba Moi ba, bai ƙyale Shugaba Kibaki ba. A 2016 aka ƙi sabunta masa kwantiragi, shi kuma ya danganta hakan da matsin lambar gwamnatin Uhuru Kenyatta. Ba wanda ya doke shi, ba kotun da ta zauna. Irin wannan ya fi sauƙin wucewa ba a lura ba, domin gwamnati ce babbar mai ba da talla a ƙasashenmu da yawa, kuma mai jarida yana da albashin da zai biya ƙarshen wata. Mai zane zai iya shanye tsoronsa ya zana, amma takardar ba za ta isa hannun mai karatu ba sai editan da ke bisa kansa ya yarda ya ɗauki kiran wayar da zai biyo baya washegari.