Bunƙasar Ƙananan Siffofi a Wasan Rayuwa na Conway

A shekarar 1970 ne masanin lissafi ɗan Ingila, John Conway, ya ƙirƙiro Wasan Rayuwa bisa allo marar iyaka, mai gidaje tamkar na dara, kowanne da maƙwabta takwas. Rayayyen gida yakan ɗore muddin rayayyun maƙwabtansa biyu ne ko uku, in ba haka ba ya mutu. Matacce kuwa sai da uku cif yake farfaɗowa.

Gidaje uku a jere juyawa kawai suke yi, tsaye da kwance. Amma wata siffa mai gidaje biyar kacal, wadda Conway ya laƙaba wa harafin R, ba ta lafawa sai bayan zagaye 1,103. Hasali ma, masana sun tabbatar babu dabara guda da za ta iya faɗin makomar kowace siffa.