Kankana da Kindirmo: Haɗin da Ba Ya Hawa Murhu

Daga Kano zuwa Gwarzo tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Wanda ya yi ta a tsakiyar bazara, ya wuce Rimin Gado ya ratsa ƙasar Kabo da rana tsaka, ba sai an yi masa bayanin ƙishirwa ba. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, iska ta bushe, kwalta ta riƙa walƙiya kamar an zuba mata ruwa. A irin wannan lokaci ne idon matafiyi ke faɗawa kan tulin kankana a gindin itace ko a cikin baro, an fasa guda an ɗora a sama don jan cikinta ya kira mai saye. Ƙasa ta bushe ƙamas, rijiyoyi sun ja baya, amma ga abin da kusan duk jikinsa ruwa ne jibge a bakin titi.

Noman rani ne ya kawo haka. Tun zamanin Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka duƙufa tare ruwan damina a madatsu. Tiga ce ta fi suna, amma yammacin jihar ma yana da nasa rabon: Guzu-Guzu da Magaga da Pada, ga kuma babbar madatsar Challawa da aka kammala a 1992 a Ƙaraye, maƙwabciyar Kabo da Gwarzo. Inda ruwa ya kwanta, lambu ya samu. Kankana tana son ƙasa mai rairayi da rana mai ƙarfi, kuma ba ta wuce wata uku daga shuka zuwa tsinka, saboda haka wanda ya shuka a ƙarshen hunturu zai tari kasuwar bazara. Ba duk wadda ake gani a Gwarzo ko Getso ko Garo ce ta lambun kusa ba. Wata daga nesa take zuwa, ta sauka a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, 'yan sari su rarraba ta ƙauyuka.

Wasu na ɗaukar kankana baƙuwa ce kamar tuffa. Ba haka ba ne, 'yar Afirka ce tun asali. An tono 'ya'yan danginta masu shekara fiye da 5,000 a kudu maso yammacin Libiya, an kuma ga zanenta a kaburburan tsohuwar Masar. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa 'yar'uwarta mafi kusa ita ce wata mai farin ciki marar ɗaci da ake samu a yankin Kurdufan na Sudan. Guna da agushi da muka sani duk 'yan gida ɗaya ne da ita. Yau ƙasar Sin ce ke noma fiye da rabin kankanar duniya, amma Afirka ce tushenta.

Cikin kowane kashi 100 na tsokar kankana, kusan 92 ruwa ne, sukari kuwa bai wuce 6 ko 7 ba. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi ya riƙe sirrin sarrafa ta. Ba a dafa ta, ba a soya ta, ba a gasa ta, domin wuta ba abin da za ta yi mata sai ta tsiyaye ta. Aikin mai haɗa kayan marmari da kankana shi ne ya san yadda zai bi da wannan ruwa: ya sanyaya shi, ya hana shi malala kafin lokaci, ya kuma tsare shi daga ƙazanta.

Aikin yana farawa ne tun a wurin saye. Kankana ba mangwaro ba ce da za a binne a buhu ya nuna, ba ayaba ba ce da za a rufe ta yi laushi. Ranar da aka raba ta da yaɗonta, ranar zaƙinta ya tsaya. Manomi kan duba ɗan murɗaɗɗen zaren da ke jikin yaɗo kusa da ita, in ya bushe ta isa tsinka. Mai saye ba shi da wannan dama, sai ya juya ta ya nemi inda ta kwanta a ƙasa. In wurin ya yi ruwan ɗorawa, ta daɗe tana shan rana. In fari ne fat, an yi mata gaggawa. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta ya fi girmanta. Ya ƙwanƙwasa ta ya ji amo mai zurfi kamar na ganga. Mai kankana zai ce, "Ja ce, Alhaji, ko in fasa maka ka gani?" Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma ni shawarata kada a bari a huda ta sai in yanzu za a sha. Wuƙar da ta yini tana shiga wannan tana fita waccan, ana goge ta da tsumma ɗaya, ba abin da za a so ta shiga cikin abin da yara za su ci da magariba ba ne. Gara a sayi guda sukutum daga wanda aka saba da shi.

Ga yadda ake haɗin da zai ishi mutum shida. A nemi rabin kankana matsakaiciya, kindirmo mai kauri kofi biyu, dabino kamar guda goma, rabin kwakwa, da zuma cokali biyu. In dabinon busasshe ne, a cire ƙwallon a jiƙa shi a ruwan ɗumi tun da hantsi, ya yi laushi, sannan a yayyanka ƙanana. A kankare kwakwa ko a goga ta. Kafin wuƙa ta taɓa kankana a wanke bayanta sosai da ruwa mai tsabta, a wanke wuƙar da farantin yanka da sabulu. Mutane da yawa kan ce ai ba ɓawon za a ci ba. To amma wata guda ta yi kwance a ƙasar lambu inda aka zuba taki, ta hau mota, ta sha hannuwa, kuma duk abin da ke bayanta wuƙa ce ke tura shi ciki.

Sai a yanka tsokar gutsi-gutsi, kowane kamar girman goro, kada a ƙanƙanta, don ƙaramin yanka saurin zubar da ruwa gare shi. A cire 'ya'yan da bakin wuƙa saboda ƙananan yara. A zuba yankan a rariya ko kwando mai tsabta, a ɗora kan kwano, a rufe da faifai na ɗan lokaci. Ruwan da ya tsiyaye ba na zubarwa ba ne, a kurɓe shi ko a ba yaro. A wani kwano dabam a dama kindirmo da zuma da rabin dabinon har su haɗu. Kowane a ajiye shi inda zai yi sanyi, kada a gauraya.

Nan ne akasarin masu yi ke kuskure. Uwargida ta gama yanka tun la'asar, ta zuba sukari da madara, ta juya, ta rufe. Kafin a kira salla sai ta buɗe ta tarar da tafkin ruwa ja-ja, kankana ta yi yaushi tana iyo a ciki. Dalilin shi ne sukari da gishiri suna janyo ruwa daga cikin duk ɗanyen abin da suka taɓa, kamar yadda albasa ke tsatsafo da ruwa in an barbaɗa mata gishiri. Maganin abin mai sauƙi ne: a haɗa lokacin da za a ci. A zuba kankana a kofi ko ƙaramar ƙwarya, a kwarara kindirmo a kai, a watsa kwakwa da sauran dabino. Wanda ke da soyayyiyar gyaɗa ya daddaka kaɗan ya barbaɗa, don haƙori ya sami abin taunawa. Ba a juyawa da ludayi. Kowa ya juya nasa da cokalinsa.

Na fi son kindirmo a kan madarar gwangwani, kuma ba don araha kawai ba. Zaƙin kankana ba shi da kaifi, in aka bi shi da madara da sukari sai abin ya yi lami, ya gundiri mutum tun cokali na uku. Ɗan tsamin kindirmo shi ke fito da zaƙin. Kauri ma yana taimakawa, don yana kama jikin yankan maimakon ya sulale ƙasa. Yankin Gwarzo ba ya rasa shi, matan Fulani na shigowa da ƙorensu daga rugage kowace safiya. Abin lura kawai a saya wurin wadda ke tafasa madararta kafin ta kwantar da ita, wadda kuma ba ta tsinka nonon da ruwan da ba a san asalinsa ba. Wanda bai sami kindirmo ba ya dama madarar gari da kauri. Sai dai in madara za a sa, kada a matsa lemon tsami, domin tsami na tsinke ta ta yi gudaji. Lemon tsami da ɗanyar citta da na'ana'a na wani haɗin ne dabam, wanda ba nono a ciki, kuma shi ma yana da daɗi ƙwarai ga mai jin kasala.

Dabino kuwa tsohon abokin kankana ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan haɗa kankana da ɗanyen dabino ya ci. A shekarun 2023 zuwa 2025 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar zafi, kuma a gidaje da yawa farantin kankana ya zauna kusa da kunun tsamiya da ƙosai a wurin buɗa-baki. Ga wanda ya yini bai sha ruwa ba, ruwan kankana da sukarin dabino sun fi masa soye-soye sauƙin sauka a ciki. In za a ƙara wasu 'ya'yan itace, mangwaro ne ya fi dacewa, don lokacinsu ɗaya, sai gwanda. Ayaba a yanka ta a ƙarshe saboda baƙin da take yi. Kada dai a tara iri bakwai har a rasa ɗanɗanon mai gayya.

Saura maganar sanyi, wadda ita ce mai wuya a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Hanya mafi kyau ita ce a sanyaya kankanar tun tana guda. A naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohon zane mai tsabta, a ajiye a inuwa inda iska ke bi, ana yayyafa ruwa. Ruwan da ke bushewa daga jikin buhun shi ke tafiya da zafin, daidai yadda randa ke sanyaya ruwan sha, kuma busasshiyar iskar bazara ita ta fi dacewa da wannan aiki. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Irin wannan tukunya tana riƙe kwanon kindirmo da sanyi na 'yan sa'o'i. Masu sayen ƙanƙara su sa ta a kula, su ɗora rufaffen kwano a kai. Kada a fasa ta cikin haɗin, don za ta narke ta tsinka shi, kuma ba a san da wane ruwa aka yi ta ba.

Abincin da ya hau murhu, wuta ta kashe masa ƙwayoyin cuta. Wannan bai hau ba. Kankana kuma ba ta da tsami irin na lemo ko abarba da zai hana ƙwayoyin yaɗuwa; ruwa ce da sukari, ga ɗumin bazara, abin da suke nema ke nan. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce yankakkiyar kankana kada ta wuce awa biyu a waje, in kuwa zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. A firji mai aiki, a rufe, takan kai kwana uku. Sau da yawa in ciki ya ɓaci sai a ce haɗa kankana da nono ne ya jawo, alhali laifin na yankan da ya yini a leda cikin rana ne, ko na ƙudan da suka sauka a kansa. Shi ya sa ba na son a saya wa yaro yankakkiyar da ke kan tire tun safe, komai kukansa. Jaririn da bai cika shekara ba kada a sa zuma a rabonsa. Mai ciwon sukari ya bar zuma da dabinon, ya ci kankanar kaɗan, bisa abin da likitansa ya tsara masa.

In an gama, 'ya'yan da aka cire a wanke a shanya a faifai. Idan suka bushe ana soya su sama-sama da ɗan gishiri a ɓare a ci, kamar yadda ake yi a Sudan da Masar. Farin da ke tsakanin ja da kore ma ana cinsa, yana da garɗi irin na kokwamba. Ɓawon a yayyanka shi a kai wa awaki tun yana ɗanye, kafin ƙuda su riga su.