Sauyin Yanayi: Gaskiya da Ƙarya a Zancen Riba da Ƙuri'a

Akwai wata magana da ta taso daga rikicin siyasar Amurka, ta bi WhatsApp har ta iso majalisun hirarmu: wai sauyin yanayi ƙirƙira ce, 'yan kasuwa ne da wata jam'iyya suka kitsa ta don su sayar da farantan sola, su kuma ci zaɓe. Maganar tana shiga kunne saboda an cuɗa gaskiya da ƙarya a cikinta.

Batun kuɗi kam gaskiya ne. Ƙasar Sin ce ke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na farantan sola na duniya, har da yawancin waɗanda ake jibgewa a shagunan Kano da Maraɗi, kuma farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. A 2022 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu a dokar da aka ƙiyasta za ta zuba kusan dala biliyan 369 a harkar makamashi da yanayi. Har da cuwa-cuwa akwai. Kamfani kan sayi takardar shaida a ce an kare wani daji a madadin hayaƙin da yake fitarwa, sai ga shi a 2023 binciken jaridun Guardian da Die Zeit ya ce mafi yawan takardun dazuzzukan da ƙungiyar Verra ta tantance ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba. Verra ta musanta, amma wanda ya yi zargi a nan bai yi laifi ba.

Inda ƙaryar ta shigo shi ne cewa ribar ce ta haifi labarin. Mai sayar da laima yana cin ribar damina, amma ba shi ke haɗa hadari ba. Tun 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya lissafa cewa ƙaruwar iskar kabon za ta ɗumama duniya, lokacin babu mai sayar da sola. Da Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa a 1958, iskar tana kusan kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ake mantawa da kuɗin da ke ɗaya ɓangaren. Masana kimiyyar kamfanin mai na Exxon sun yi hasashen wannan ɗumama tun ƙarshen shekarun 1970, kuma nazarin da mujallar Science ta buga a 2023 ya nuna hasashen nasu ya yi daidai ƙwarai. Duk da haka kamfanin ya shafe shekaru yana cusa shakku a zukatan jama'a.

A siyasa ma, gaskiya ne cewa yau a Amurka ra'ayin mutum kan yanayi yakan bi jam'iyyarsa. A 2012 Donald Trump ya taɓa cewa Sin ce ta ƙirƙiro batun, da ya zama shugaban ƙasa ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar yanayi ta Paris, Biden ya maido ta a 2021, Trump ya sake ba da umarnin ficewa a Janairun 2025. Sai dai ba da wannan rabuwar aka fara ba. George Bush babba, ɗan jam'iyyar Republican ta su Trump, shi ya sa hannu a yarjejeniyar yanayi ta Rio a 1992. Margaret Thatcher, shugabar masu ra'ayin riƙau a Birtaniya, ta gargaɗi Majalisar Ɗinkin Duniya kan haɗarin tun 1989. Ga kuma Texas, matattarar 'yan Republican da rijiyoyin mai, ita ce kan gaba a Amurka wajen samar da lantarki daga iska, inda makiyaya ke karɓar kuɗin hayar filayen da aka kafa injinan.

Idan za mu yi fushi, akwai wurin da ya cancanta. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye awo, alhali abin da Afirka ke fitarwa na iskar kabon bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. A 2009 a Copenhagen ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ba su cika ba sai 2022, kuma mafi yawan kuɗin gwamnati da ke ciki bashi ne da za a biya.